Motar Roba, Kuɗin Bijimi

Mijina yana da fuka. Da ita ya tashi, da ita na same shi, kuma tun ranar da aka kawo ni gidansu a Matameye kunnena ɗaya yana kan ƙirjinsa. Ko daka nake, ko wanki, ina biye da shigar numfashinsa da fitarsa. In lafiya ƙalau ne ba a jin komai. In ta fara taso masa, sai a ji wani siririn kuka can cikin ƙirji kamar na ƴar kyanwa da aka kife da kwando. Babu abin da nake tsoro a duniya kamar wannan kukan.

Malam nake ce masa, ko da yake karatunsa bai ɗara nawa ba. Kamar sauran mazan unguwarmu, in an ɗaure gero an zuba a rumbu sai ya ɗauki jakarsa ya tafi Kano ci-rani. Shekara da shekaru dakon siminti yake yi. Mai fuka da siminti, don Allah ku ji mini. Kowace damina sai ya dawo a rame, leɓe a bushe, ɗan famfon shaƙarsa a aljihun gaba. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi yaji sau ɗaya na dawo da ƙafata, domin in na zauna gidanmu wa zai saurari ƙirjin? Amsarsa ɗaya ce kullum: to me za mu ci?

Sai wata shekara ya dawo da ƙiba a kumatu. Ya ce ya rabu da siminti, ya sami aikin zaune a inuwa. Dama Allah ya ba shi hannu. Rediyo, agogo, fitilar hannu, duk abin da ya mutu a unguwa wurinsa ake kawowa. A gidan wani Alhaji da suke kai wa siminti, ɗan Alhajin ya ga yadda ya gyara wa maigadi rediyo da tsinken ashana, ya kira shi ya ce yana da aiki irin na masu haƙuri.

Da ya faɗa mini aikin sai da na ajiye ludayi. Wai manyan mutane ne, masu gemu, masu iyali, suke taruwa a kan wani faffaɗan tebur ranar hutu suna yaƙi da ƴan sojoji na roba, kowane bai fi ɗan yatsa ba. Suna jefa ƙwayoyi irin na lido, suna auna tazara da abin awon tela, wannan ya ce ya harbe na wancan, wancan ya kwashe nasa ya mayar akwati. Sojojin da motocinsu ba a haɗe suke zuwa ba. Gunduwa-gunduwa ake sayo su daga ƙasar waje, sai an goge, an manna, an shafa fenti. Masu wasan suna da kuɗi, ba su da lokaci. Aikin Malam ke nan, ya haɗa musu.

Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce ashe motar kara da ƴaƴanmu ke ja a bakin hanya, masu kuɗi ma suna yi, sai dai su a ɗaki mai sanyi. Amma a raina na gode wa Allah. In dai ƙirjin zai huta, ko ƴar tsana aka ce ya yi wa kitso ni na yarda.

Damina ta biyu da fara wannan aiki ya sauka a tasha rungume da wani kwali. Bai yarda an ɗora shi a saman mota ba, a cinya ya riƙo shi tun daga Kano, ya wuce iyakar Ɗan Barto da shi, har ƙofar gida. Ya ce ɗan Alhaji ya yarda da shi, ya ba shi babbar motar yaƙin da ya daɗe yana jira, ya haɗa a gida tsakanin shuka da noma, ya mayar in ya gama.

Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya fara fitowa da kayan. Ni da Inna, mahaifiyarsa, muka tsuguna muna kallo. Gutsattsari ne ruwan toka, wasu kamar tafin hannu, wasu kamar ƙwayar wake. Ga ƙafafu masu sarƙa, ga bakin bindiga dogo kamar muciyar yara, ga ƴan ƙofofi.

To ni robobi nake sayarwa a kasuwar Matameye. Bokiti, baho, buta, kofi, matsami. In ka miƙo mini roba na ƙwanƙwasa ta da farce, zan faɗa maka ko za ta ga damina biyu. Na ɗauki babban gutsuren na jinjina. Duk kwalin da abin da ke ciki bai fi tiya biyu ta gero nauyi ba.

Na ce, “Malam, nawa suka saya wannan tarkacen?”

Ya dubi Inna, ya dubi ƙofar zaure, ya sassauta murya. Sai ya nuna bijiminmu da haɓa, yana ɗaure a gindin bedi yana tuƙa.

“Kin ga wancan? To shi ne. Har da igiyarsa.”

Na ce ya daina wasa. Ya rantse. Bijimin nan shi ke ja mana amalanke, shi ke kai taki gona, shi ke kawo kara da gero, shi ke kai robobina kasuwa. Da kuɗin simintinsa da ribar bokitaina muka haɗa muka saye shi yana ɗan maraƙi. Na dubi sa, na dubi abin da ke hannuna. A hankali na ajiye shi kamar ƙwai.

Ban bar maganar nan ba, don ni ba a yi mini kuɗin goro a kan roba. Na ce me aka sa a ciki, zinariya? Ya ce a'a. Ƙananan sojojin su ne robar gaske, injin ke buga su da yawa, su ma ba araha ba amma da sauƙi. Manyan motoci irin wannan kuwa da wani abu ake yin su da suke kira rezin, ruwa ne mai kauri kamar ƙaro, a zuba a mazubi da hannu, a jira ya daskare, ɗaya bayan ɗaya. Kaɗan ake yi. Ga kuɗin jirgi, ga na duwan masu karɓar haraji a kan iyaka, ga naira da ke zubewa kullum. Kuma in gutsure ɗaya ya ɓata ba a sayar da shi shi kaɗai.

Na ce, “In na kai wa masu sayen tsohuwar roba, ko kuɗin ƙosai ba za su ba ni ba.”

Ya ce, “Shi ya sa ba ke za ki kai ba.”

Muna cikin haka kazata mai wake-wake ta zo ta bayan Inna. Kafin wani ya ce kus ta kai baki ta tsince wani ɗan gutsure ta haɗiye. Ban taɓa ganin Malam ya yi tsalle irin na ranar ba. Ya bi ta bayan rumbu, ya bi ta ƙarƙashin amalanke, ya kamo ta yana haki. Nan take ya sa wuƙa. Kaza mai ƙwai, wadda nake tattali. Aka buɗe ta aka ciro abin, wai murfin wata ƴar taga ne. Ya wanke shi da ruwan buta yana hamdala. Mun ci nama ranar, amma ni bai wuce mini maƙogwaro da daɗi ba, domin ina jin yadda gudun nan ya bar ƙirjinsa yana ɗagawa.

Kazar nan ce ta rufe mana ƙofa. Washegari Malam ya kwashe komai ya kai ɗan ɗakin da muke ajiye buhuna, mai taga ɗaya kamar faifai. Ya kafa sakata ta ciki. Inna ta ƙara da nata. Ta ce abin da ya kai kuɗin sa ba a barinsa a idon mutane. Yau maƙwabciya ta leƙo ta ce kai, wannan abu da kyau, gobe ka tarar ya tsage. Kambun baka ba ƙarya ba ne, ta ga ya kwantar da saniya mai lafiya. Ta kawo tsumma ta ce a toshe tagar, kada yara su hau jarka su leƙa su kai labari gari. Ni ma ban musa ba. Haka muka taso, abu mai daraja ɓoye shi ake yi, ko cikin fari ne, ko sabon zane, ko kuɗin adashe. Kuma ni a lokacin tsoron kuɗin ya cika mini ciki. In akuya ta shiga fa? In rufin ya yi yoyo?

Aka yi shuka. Da safe ya tafi gona, in rana ta take ya dawo, ya yi wanka, ya shige ɗakin ya sa sakata. Daga waje sai in riƙa jin ƙarar goga, kar, kar, kar, kamar ɓera a cikin ƙwarya. Ashe shi rezin ɗin nan ba ya fitowa sumul. Kowane gutsure da tsini da kunne, sai an kankare da ƴar wuƙa an bi da samfefa kafin ya zauna da ɗan'uwansa. In ya fito sallar la'asar sai in ga gemunsa da girarsa fari fat kamar wanda ya kwana a injin niƙa. Wani wari kuma yana biyo shi, na gam ɗin da yake mannawa da shi, mai hawa ido ya sa hawaye.

Ba a yi nisa ba na fara jin kyanwar nan a ƙirjinsa.

Da farko sai in ya kwanta hutawa. Daga baya har yana cin tuwo. Famfon shaƙar da kan yi masa wata da watanni ya ƙare, na sayo wani a farmasi. Wata rana na kai masa fura, ya buɗe ƙofar kaɗan don ya karɓa, na sa kafaɗa na shiga. Hasken da ke shigowa ta ƙofa ya nuna mini ɗakin, wani farin gari yana yawo a iska, ya kwanta a kan buhuna, ya kwanta a kan tabarma. A jikin ƙusa kuma ga wani takunkumi mai kumatu biyu a rataye, sabo, ko datti babu.

Na ce, “Wannan fa?”

Ya ce ɗan Alhaji ne ya haɗo shi da shi. Na matsa, sai ga sauran magana ta fito. Ashe an gaya masa. A Kano a baranda suke aikin, iska na kaɗawa, da kwanon ruwa a gefe, ana tsoma samfefa kafin a goga don kada garin ya tashi. Mai kayan ya ja masa kunne da bakinsa, ya ce garin nan ba ya shiri da huhu, ya yi a waje, ya sa takunkumi.

Na ce, “To me ya hana?”

Ya ce takunkumin yana toshe shi, in ya sa ji yake kamar an danne shi da matashi. Ruwa kuma in ya zube a ɗakin ƙasa sai caɓi. Waje kuwa, ai na ga abin da kaza ta yi.

Ranar na zazzage masa. Na ce gudun gara ka yi ka faɗa gidan zago. Ka bar simintin da ake biyanka ka shaƙa a fili, ka zo ka kulle kanka kana shaƙar na masu kuɗi a ɗaki. Na ce wallahi in ka mutu a kan motar wasa ba zan iya faɗa wa mutane abin da ya kashe ka ba, kunya za ta hana ni. Na fizge tsumman tagar na jefar.

Bai ɗaga murya ba, shi ba ya yi. Ya ce, “Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amana ce. In na mayar da ita yadda ake so, na rabu da siminti har abada. In ta lalace, kin san inda zan koma. Saura kaɗan.”

Abin da ya ɗaure ni ke nan. Ina tsoron ɗakin, ina tsoron simintin, kuma motar nan ita ce tsakaninsu. Da la'asar na ga tsumman ya koma tagar. Ban san ko shi ne ko Inna ba, ban kuma tambaya ba.

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi kyau. Da ta haɗu ta kai tsawon kamu ɗaya da rabi, ta cika babban tire. Ƙofofinta suna buɗewa, kan bindigar yana juyawa, har da ƴan ƙusoshi a jere waɗanda sai ka kanne ido za ka gani. In ya nuna mini sai fuskarsa ta yi haske kamar yaro. Ni kuwa ina kallonta ina jin tsanarta har cikin haƙorana.

Ranar da zai fesa mata fenti ranar kasuwa ce. Na riga na ɗaure robobina, sai na ji shi yana alwala a bayan ɗaki, kyanwar tana kuka tun da safe, abin da ba ta saba ba. Na kwance kayan. Inna ta ce lafiya? Na ce kaina ke ciwo. Tun da na fara sana'a ban taɓa fashin kasuwa ba sai na haihuwa.

Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara ɗaukar yashi. Na ce masa ya bari sai gobe. Ya ce gobe akwai noma, kuma yau ɗin nan in ya fesa ya gama da mai wuyar. Na ce to ya bar ƙofa a buɗe. Ya ce in yashi ya hau ɗanyen fenti aikin wata biyu ya tashi a banza. Ya ɗauki gwangwanin fentin yana girgizawa, wani abu na ƙara a ciki, ya shiga. Na ji sakata ta faɗa.

Na jawo kujera ƴar tsugunno na zauna a bakin ƙofar da kwanon zogale ina tsinkewa. Ina jin fesawa, fuu, sai tari. Fuu, sai tari. Warin ya biyo ta ƙarƙashin ƙyaure har ya sa ni atishawa, ni da ke waje. Na ce, “Malam, buɗe ka sha iska.” Ya ce, “Saura gefe ɗaya.” Muryar ta fito a matse kamar ta wanda aka shaƙe. Sai kukan ƙirjin ya ƙaru, har ina jin sa ta cikin katako. Na ji ya lalubi famfonsa, na ji famfon ya faɗi ƙasa ya gangara.

Daga nan ban ƙara jin komai ba.

Duk shekarun nan ina cewa kukan nake tsoro. Ashe ban san tsoro ba sai da kukan ya ɗauke. Na kira shi. Na buga ƙofa da tafin hannu. Na kira sunansa na yanka, wanda ban taɓa faɗa ba tun da aka ɗaura mana aure, Inna tana ji. Shiru. Ban san lokacin da na ɗauko taɓarya ba. Na daki ƙyauren wajen sakata, na sake, na sake, har ya ɓalle daga sama ya karkace gefe.

Ɗakin ya yi hazo da fenti. Yana can jikin bangon ƙarshe a zaune, ya zame, kansa ya langaɓe, bakinsa a buɗe, leɓunansa sun yi wani irin duhu. Ɗakin ƙunci ne, buhuna sun cinye gefe ɗaya. A tsakanina da shi, a ƙasa, a kan tire, ga motar tana ƙyalli da ɗanyen fenti.

Na tsallake ta na kama shi ta hammata na fara ja da baya. Namiji ne, ko ya rame da nauyinsa. Da na zo daidai tiren sai diddigena ya taɓa bakinsa, kuma wallahi sai da na tsaya. Mijina a hannuna ba ya numfashi, ni kuma ina tunanin ta ina zan bi kada in taɓa bijimi guda. Haka kuɗin nan ya shiga kanmu duka gidan.

Inna ce ta yi magana daga bakin ƙofa, ita da ta kawo tsumman toshe taga. Ba ta yi ihu ba.

Ta ce, “Taka ta, ƴar nan. Ana ta kai, wa ke ta kaya.”

Na taka. Na ji ta ruguje a ƙarƙashin ƙafata kamar busasshiyar ƙwarya, wani abu ya shige mini tafin ƙafa. Na ja shi ta kanta, ƙafafunsa suka ƙarasa abin da ya rage.

A tsakar gida muka jingina shi da turmi. Inna tana yi masa fifita da faifai tana karanto duk abin da ta sani. Na koma na lalubo famfon a bayan buhu na fesa masa a baki, ban san ko ya shiga ba. Ƙirjin yana ɗan motsi, kaɗan, kamar na tsuntsu. Maza duk suna kasuwa ko gona, ba mai babur a kusa, kuma ko akwai ba zai zaunu a kai ba. Na kwance bijimin na ɗaura masa amalanke da hannuna, abin da ban taɓa yi ni kaɗai ba. Wata maƙwabciya ta ji bugun ƙofa ta shigo, mu uku muka ɗora shi.

Ban taɓa dukan dabbar nan ba sai ranar. Ruwa ya sauko muna hanya. Inna ta rungume kansa a cinya ta rufe shi da mayafinta, ni ina gaba ina tsula wa sa igiya ina ba shi haƙuri a zuci. Kowane ɗan taƙi sai in waiwaya in ce, “Inna, yana yi?” Ta ce, “Yana yi, kora.” Daga baya ta gaya mini akwai inda ita ma ba ta sani ba, ta dai ce haka.

A gidan likita majo, babban ma'aikacin jinya, ya fito da kansa. Ya sunkuya ya sansana rigar Malam ya ce me ya shaƙa? Na ce fenti, a ɗaki a rufe. Ya dube ni, kallon ya isa. Suka yi masa allura, suka kifa masa wani abu a hanci da baki mai fitar da tururi. Na tsaya jikin bango, ruwa na ɗiga daga zanena. Wata ma'aikaciya ta nuna ƙasa ta ce jinin wa ne wannan? Sai a lokacin na ga sawuna ja tun daga ƙofa. Ta zaunar da ni ta ciro mini wani gutsure ruwan toka daga tafin ƙafa, rabin ƴar ƙofar motar ne.

Ana cikin ɗaure mini ƙafa na ji kyanwar ta dawo. Siririn kukan nan da na tsana shekara da shekaru. Na sa kaina a gwiwa na yi ta kuka, ina cewa alhamdu lillahi, ma'aikaciyar tana tsammanin zafin ciwon ne.

Da ya buɗe ido ya gane inda yake, ya ɗaga abin hancin da yatsa. Na matso na kai kunne.

Ya ce, “Motar fa?”

Na ce, “Na taka ta.”

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen kunnensa. Na so in zage shi, na so in rungume shi, ban yi ko ɗaya ba saboda Inna tana wurin.

Da ya warware ya kira ɗan Alhaji a waya, ni ina gefe. Yaron kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Da ya ji sai ya tambayi jiki, ya ce ai ya faɗa masa ya yi a waje. Ya ce a bar maganar kuɗi, Allah ya tsare gaba. Muka tattara gutsattsarin a kwalinsu muka ba direba ya kai masa. Bai nemi ko dala ba. Amma bai sake kira ba, kuma da Malam ya kira bayan girbi ya tambayi aiki, sai ya ce abokan wasan sun sami wani, kuma shi gaskiya yana tsoron ya ɗauki alhakin mai fuka.

Da aka zuba gero a rumbu na shigo ɗaki na tarar ya fito da tsohuwar jakarsa, da tsumman da yake naɗawa a kai in zai ɗauki siminti. Na je na zauna a kan jakar.

Ya ce, “Tashi mana. Me za mu ci?”

Na ce, “Bijimi.”

Ranar kasuwa ƙanensa ya ja shi zuwa kara, wurin masu sayen dabbobi. Ban iya rakiya ba, na shige bayan rumbu har suka fita. Sa ne da ya ɗauko mijina cikin ruwa ya kai shi likita, na saka masa da mahauta. Da kuɗin aka yi wa Malam tebur da ƴar rumfa kusa da inda nake baza robobina, aka sayo masa kayan gyara. Yana gyaran rediyo da fitila da salula, a fili, iska ta ko'ina, kowa na kallo, masu baki su yi ta yi. Abin da yake samu bai kai na Kano ba. Taki yanzu haya muke yi a kai mana, in babu kuɗin haya mu ɗauka a ka. Ƙirjin kuma bai koma yadda yake ba, kunya ɗaya zai yi a gona ya tsaya ya dafa hauya.

Wani lokaci mai saye yakan ɗaga bokitina ya ce ya yi tsada, roba ce fa. Nakan ce haka ne, in rage masa.

Ƙyauren ɗakin buhuna yana nan jingine da rumbu, awaki na fakewa a bayansa in ana ruwa. Malam ya sha cewa a kira kafinta a mayar, ɓeraye da kaji suna shiga. Na ce su shiga. Asabari na rataya a wurin. In ya shiga ɗebo wani abu ya daɗe ban ji motsinsa ba, nakan bar abin da nake yi in je in ɗaga asabarin.